Butar Shayin Ammu Ragab

Daren Juma'a, Alƙahira

Yau ma na'urar auna zurfin ruwa ta rikice a jirgin Ammu Ragab, abokin Baba. Muna tsakiyar kogin Nilu ta nuna mita shida, ta koma mita ɗaya, can kuma ta ɗauke. Haka ta yi makon jiya har muka gogi yashi. Mama ta ce idan aka sake, khalas, shi ke nan, na daina bin su. Ni kuwa a jirgin nan kaɗai nake sakewa.

Baba ya leƙa ƙarƙashin jirgi ya cire kainuwar da ta maƙale, Ammu ya goge wayoyi, amma ba abin da ya canja.

Ni na lura da wani abu. Duk sanda Ammu ya jona butar shayinsa a batir, sai lambobin su fara tsalle. Sau uku na ƙirga. Har na buɗe baki, sai Ammu ya ce, "Shayi za ki sha, ya binti, 'yata?" Na ce a'a, na sunkuyar da kai.

Gobe bayan sallar asuba zan sami Baba. Wannan karon sai na ce, "Baba, a cire butar a gwada."