Ƙafar Hagu

Asabar, 4 ga Mayu
Ta tashi! Tsohuwa ta tashi! Bakanike ya ɗaura kabureta, na murɗa makulli, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sai ga inji yana gurnani. Jif ɗin da na sayo tana mushe, kaji na yi mata ƙwai a kujerar baya, shekara da shekaru ina bin 'yan gwangwan ina tsinto mata kaya. Na rungume bakanike da baƙin mansa da komai. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Madalla, sai a sakar mini wurin shanyata."

Talata, 7 ga Mayu
Fenti ya bushe, kore shar. Na yi ta zagaya ta kamar wanda ya yi sabon baƙo. Alwashina yana nan: ni zan fara fitar da ita, da hannuna, har saman dutsen da na fara aikin awon ƙasa ina saurayi. Sitiyarin nan ba mai taɓa mini shi.

Juma'a, 10 ga Mayu
Kuloci.
Na taka, gwiwar hagu ta ce ba da ita ba. Na cije na sake takawa, sai da ƙwalla ta zo mini. Na ce wa bakanike ya sassauta shi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, haka aka ƙera ta. Ita motar dai lafiyarta lau..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ƙarashen ba.

Litinin, 13 ga Mayu
Likita ta lanƙwasa gwiwar ta ce in manta da kuloci. Yarinyar da Tsohuwa ma ta girme ta! Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 15 ga Mayu
Na wanke Tsohuwa. Ba ta yi datti ba.

Lahadi, 19 ga Mayu
Auta ta zo hutu daga wurin aikinta. Ita motarta irin mai canja giya da kanta ce, ƙafar hagunta ba ta taɓa aikin komai ba. Ta ce, "Baba, koya mini mana." Na ce wannan ba ta 'yan gayu ba ce. Ta ce, "Shi ke nan, a bar ta nan kaji su dawo gidansu."
Ja'irar ta san ni. Na miƙa mata makulli ina kallon wani gefe.
Mota ta zabura, ta mutu, ta sake zabura, saura kaɗan ta kwashe bokitin uwargida. Ina ta ihu, "Saki a hankali, kamar kina kwantar da jariri mai barci!" Kafin yamma ta kai ƙarshen layi ta dawo. Na ce ba laifi. Gaskiya ya fi ba laifi.

Asabar, 25 ga Mayu
Mun hau dutsen, Auta ke tuƙi.
A mashigin rafi na kai hannu kan giya ban sani ba. Ta ce, "Baba, hannu." Na janye. Ta sa ƙaramar giya, Tsohuwa ta keta ruwa ta haye tana huci, laka har gilashi. Dariya muka yi ta yi kamar sababbin mahaukata.
Ashe akwai gonakin lemo a gefen hanyar nan. Duk zuwan da na yi a da, ramuka kawai na sani.
A sama ta ja birkin hannu ta ce, "Baba, nan fili ne, kuloci taku ɗaya ne kawai. Zo ka ɗan zagaya, ka cika alwashinka."
Na ce gwiwa.
Taku ɗaya dai da na iya, na sani. Amma tana riƙe da sitiyarin nan, harshe a gefen baki, ni kuwa ina ta kallonta ban ƙoshi ba. Kujerar gefen ma ba ta da laifi, akwai wurin miƙe ƙafa.
Na tambaye ta yaushe ne hutunta na gaba. Saboda batir ne, kada ya kwanta.