Awon Baba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, kai da Inna. Ya ƙarfin jikin Baba? Na ba direban da ke kawo muku yadi wannan takarda ne don na san halin wayarka: da ta yi ƙara Baba zai ce ka buɗe murya kowa ya ji. Maganar nan kuwa ba ta kunnensa ba ce.

Zuwana na ƙarshe bai yi min daɗi ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti Baba ya zama mutumin benci. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, in ba haka ba ƙafafun za su tafi. Ni ma jinya ce aikina, na san abin da zama yake yi wa tsoho. Na yi lallashi, na yi faɗa, ya ce ya ji. Abu ɗaya na ga yana sa shi ɗaga kai, wato masu kekunan tseren nan da ke wucewa ta ƙofar shago da safe cikin matsattsun kaya. Sai ya bi su da ido har su sha kwana, ya ce shi ma a zamaninsa ba a wuce shi a hanya.

To, zan saya masa keke irin nasu, na gaske, wanda yatsa biyu ke ɗagawa. Mai shagon kekuna na nan garin ya ce ba a sayen irin wannan da ido. Firam ɗin, wato ƙashin keken, lamba-lamba ne kamar takalmi, kuma in aka yi oda aka hau, ba ya komawa. Ya ce a kawo mai hawan ya auna shi. Na ce ba zai yiwu ba, in Baba ya ji zai ce ɓarna ce, ya rantse ba zai hau ba.

Don haka ka auno min shi a ɓoye: tsayinsa, tsawon ƙafa daga hantsa zuwa ƙasa, da tsawon hannu. Tela ne kai ɗan tela, kada ka ba ni kunya.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya masu jiki? Mu nan lafiya, sai wahalar da kika jefa ni ciki.

Yaya, kin san abin da kika ce in yi kuwa? In auna mutumin da ya shekara arba'in yana auna jama'a, ba tare da ya sani ba. Baba fa ko a bayan gida yake yana jin motsin tef.

Na fara da ƙofar shago. Na jira ya tsaya a bakinta, na lura da inda kansa ya kai, yana matsawa na shata da alli. Daga baya na tuna da hula a kansa. Washegari na sake, a ranar kuma ya ɗan duƙa don ƙugunsa na ciwo. Na zo auna shatin biyu na tarar ya sa tsumma ya goge, yana ta faɗan yaran maƙwabta.

Sai na ce bari in yi masa a barcin rana. Na lallaɓa, na ɗora kan tef a saitin kansa, ina ja zuwa ƙafa, sai ga Inna da kwano a hannu. Yaya, ban taɓa jin salati irin wannan ba. Ta ja ni waje da kunne tana kuka, wai wane mugun fata nake wa mijinta, mutum yana numfashi ina auna shi a kwance. Dole na faɗa mata komai. Ta share hawaye, ta ce ke ce ba ki da hankali, ni kuma na fi ki. Sannan ta buɗe akwati ta ba ni wandonsa da rigarsa da ya ɗinka wa kansa tun kina makaranta, waɗanda ya fi ji da su, ta ce ai awon da ya yi da hannunsa ba ya ƙarya.

Yanzu ga inda kaina ya ɗaure. Katin shaidarsa ya ba ni tsayi ɗaya, abin da na tuna na ƙofa ya ba ni wani, wando kuma ya ce duk ƙarya suke yi. Sannan hantsar da kika ce, ta wando ce ko ta mutum? Don ba ɗaya ba ne. Zuwa ƙasa kuma, ƙasan wando ko ƙasan Allah? Kuma mu da inci muke aiki, na ji an ce su masu keke santimita suka sani.

Na dai bi kati a tsayi, na bi wando da riga a sauran, na gyara su yadda aka koya mana. Suna bayan takardar nan.

Inna na gaishe ki, amma ta ce ba ta huce ba.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Salam. Ina gaida kowa, ka ba Inna haƙuri a madadina.

Na kai awonka, na kuma fito shagon nan kaina na juyawa. Mutumin ya mayar da incinka santimita, ya duba, ya sake dubawa, ya tambaye ni ko mahaifin nawa zalɓe ne. Wai ƙafar da hannun sun yi wa tsayin yawa. Na ce masa ɗan tela ne ya yi awon.

Daga nan ya shiga bayani. Wai lamba hamsin da shida ta wannan kamfani ita ce hamsin da huɗu ta wancan, wani kamfanin ma ba ya sa lamba, sai ƙarami da matsakaici da babba kamar singileti. Wai tsayin firam ba shi ne magana ba, maganar ita ce nisan da ke tsakanin sirdi da kan keke, da yadda bayan mutum ke iya lanƙwasa. Ya tambaye ni ko Baba na iya taɓa yatsun ƙafarsa a tsaye. Auta, ni ina na sani? Kai ka taɓa ganin Baba ya taɓa yatsun ƙafarsa?

A ƙarshe ya ce awon ya faɗa tsakanin hamsin da shida da hamsin da takwas, kuma in aka faɗa tsakani ƙaramin ake ɗauka. Wai ƙarami ana iya ɗaga masa sirdi a tura kai gaba, babba kuwa ba a rage shi. Nan na gane bai san aiki ba. Mu da muka tashi a gindin teburin yanka, tun yaushe ƙarami ya fi babba? Babba ake ragewa, ƙarami sai dai a ba ƙanin mai shi. Na ce ya yi odar hamsin da takwas. Ya buɗe baki, na ce na gama magana.

Shuɗi ne, kalar da Baba ke so. Direba zai kawo shi cikin kwali. Ka rubuto min duk yadda fuskarsa ta yi, kada ka rage komai.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Keke ya iso. Na haɗa shi a bayan shago na turo shi gaban benci. Baba ya ƙura masa ido. Sai ya miƙe, ba tare da ya dafa bango ba, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya yi dariya har da tari. Ya ce ɓarna ce, ya ce ba mu da hankali, yana faɗa yana shafa sirdin. A ranar bai yi barcin rana ba. Ya hau keken ɗinki da kansa, karon farko tun ciwon nan, ya tsuke ƙafar wani wandonsa don kada sarƙa ta kama.

Da safe ya fito tun kafin masu tseren su iso. Da suka gan shi suka tsaya, suna ta kiransa Baba Tela, suna yaba keken. Ya ɗaga ƙafa ya tsallaka firam, sai na ga ya tsaya a kan yatsu, ƙarfen sama ya tokare shi. Na sauke sirdi har ƙarshe. Ya hau, na riƙe, ya miƙa hannu zai kama kai, sai da ya kwanta kamar mai son ɗauko abu a ƙarƙashin gado. Ya ce in saki. Na saki. Ya yi tafiyar da ba ta wuce shago uku ba, ya zo tsayawa yatsunsa ba su kai birki ba, ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba. Ya kife a gaban mai wanki, cikin ruwan kumfa.

Bai ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Amma da ma ciwon ya ji, Yaya. Ɗaya daga cikin masu tseren ya ce keken ya yi masa girma sosai. Baba ya ce a'a, 'ya'yan tela ba sa kuskuren awo, ba keken ba ne, shi ne ya ƙare. Ya tura shi ciki ya lulluɓe da ƙyalle. Yanzu ko bencin ba ya fita. Da ya ji ƙarar tayoyinsu sai ya juya wa ƙofa baya. Wallahi tsoro nake ji, mun fi yi masa illa a kan ciwon.

Ni abin da na kasa ganewa shi ne ta ina aka samu matsala. Ban rage masa komai ba. Har inci biyu-biyu na ƙara a ƙafa da hannu, rarar da yake bugun yatsunmu da rula in muka manta. To ta yaya abin da aka bar wa rara zai ƙi mutum?

Ki faɗa min abin yi, don ni kaina ya kulle.
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum Baba. Ina durƙuso da gaisuwa, ina kuma tambayar hannu. Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, don Allah ka saurare ni har ƙarshe. Ba kai ka gaza ba. Auta bai auna ka ba, tsohon wandonka ya auna, wanda ka riga ka bar wa rara da hannunka. Ya ƙara inci biyu a kai. Ni kuma aka ce in ɗauki ƙarami na ɗauki babba, har ina yi wa mai shagon tsawa. Rara uku ka hau a kan keke ɗaya. Ko ɗan shekara ashirin aka ba shi, a gaban mai wanki zai sauka.

Na koma na ba mutumin haƙuri. Ya ce firam ba ya komawa, amma zai iya kwashe tayoyi da giya da birki ya ɗora a kan wani firam daidai da kai. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba zai ƙara karɓar awo a takarda daga gidanmu ba, sai ya ga mai hawan da idonsa.

Ban san ko za ka yarda ba. Na yi kuka da na karanta takardar Auta, kuma ina jin kunyarka.

'Yarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, Allah ya yi miki albarka. Hannu ya warke.

Ban yarda da maganarki ba sai da na gwada. Na rufe shago, na cire hula da takalmi, na jingina da bango, na sa innarku ta riƙe tef. Ta ƙi sai da na yi mata alkawarin a tsaye za a yi. Na ragu da kusan inci biyu a kan abin da ke katina. Wandon da kuka auna kuwa na sa shi, yana jan ƙasa. Ban san yaushe hakan ta faru ba, ba wanda ya gaya min.

Laifin ba naku ba ne, ni na koya muku rabin karatu. Rara ana barin ta ne wa yaro, don gobe zai fi yau. Ban taɓa gaya muku abin da ake yi wa wanda ya juyo ba, don ni ma ban yi tunanin zan zo wurin ba.

Na sa Auta ya tsallaka keken, ya zauna masa kamar don shi aka yi. Ashe ya fi ni tsayi, ni ina nan ina aikensa kamar jiya aka yaye shi. A ajiye masa babban firam ɗin.

Ki gaya wa mai shagon ina tafe tare da direban yadi ranar da zai koma. Ya auna tsohon da ya gani a gabansa, kada ya ƙara ko rabin inci. Auta zai rako ni, amma na ce ya bar tef ɗinsa a gida.

Mahaifinki