Ƙwaryar Dija a Motar Hukuma

Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Legas? Ya Anti Rabi da yara? Da fatan ciwon ƙafar nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

Ka san motar da ƙaramar hukuma ta ba unguwarmu, take zuba mata mai, mai kai mu Tiga da safe. Ranar Talata ta faɗa rami, nonon Dija, bafulatanar da ke kawo wa Inna kindirmo, ya fantsama a rigar Kawu Ilu. Washegari Dija ta riga ta shiga, Kawu ya sa direba ya hana shiga da ƙwarya.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri da rigarka, amma motar nan don kowa aka kawo ta." Ya ce ba ni da kunya. Dija na sauka na bi ta, sauran mata suka biyo mu. Muka tafi a ƙasa, mota ta tashi da maza huɗu.

Yanzu suna tsorata mu, wai in ba ta cika za a ba wani gari. A bayar. Na san Kawu zai kawo maka ƙarata. Kada ka ce in ba shi haƙuri, na riga na ba shi. Dija ce ba wanda ya ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida. Gobe zan shiga motar, ƙwaryar Dija a cinyata. In Kawu ya isa, ya zo ya sauke ta da hannunsa.

Ƙanwarka,
Hajara