Sandar Baba da Azarar Ɗakin Inna

Yaya Hamidu,

Ina gaishe ka da kyau. Ina lahiyarka, ina Rabi da yara, ina zaman Kwatano? Mu nan Filinge lahiya lau.

Ka tuna yadda Baba kan zaga gidajen hayarsa kahin damina, yana ƙwanƙwasa azara da sanda, yana leƙa indararo? Mu kan yi masa dariya, mu ce ya cika sa ido.

Tun rasuwarsa ban taka gidanmu na bakin kasuwa ba, wanda muka ba wani malamin lakwal, wato makarantar boko, haya. Kunya nake ji, kada ya ce ina bin diddiginsa. Ran Lahadi na daure na je. Yaya, gara ta cinye azarar ɗakin Inna, inda aka haife mu! Indararo ya toshe, bango ya tsage, kuma a ƙarƙashinsa 'ya'yan malamin su uku suke kwana.

Na ce, "Malam, don me ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Hajiya, kunya na ji. Ku da ke cikin rashi, in zo muku da ƙorahi?"

Ka ji fa, kunyata da tasa sun kusa danne yara.

An kwashe su, magini ya soma aiki. Ka gaida Rabi, ka sa mu a addu'a ruwa ya jira mu gama. Sandar Baba kuwa, wadda ka ce a ajiye maka, ka yi haƙuri. Ta koma bakin aiki.

Ƙanwarka,
Hadiza