Takardar da Na Naɗe Gahawa da Ita

Berlin ta Yamma, Nuwamba 1962

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Ni lafiya lau, tarin nan ma ya kusa barina.

Albishirinki! Littafin ɗanki Eckehard ya fito, kuma shi ya zana bangon da hannunsa. Da na nuna wa ɗalibaina, wata ta ce, "Malama, wace tsohuwa ce wannan mai harara?" Na ce, "Uwata ce tana ferar dankali, ku gaishe ta!"

Masu gadin iyakar da ta raba mu ba za su bar littafin ya wuce zuwa wajenki ba, shi ya sa na yage bangon na naɗe garin gahawar nan da shi. Kada ki hura murhu da takardar, Mama. Ki warware a hankali, ki ga kanki.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

'Yarki,
Ortrud