Kitson Amarcin Amatullah

Garwa

Ƙanwata Fa'iza,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Albishirinki, yatsuna sun saki. Jiya na yi wa maƙwabciyata Marthe kitson shuku, ban huta ba sai da na gama. Dokta ta ce ashe ba sanyin ƙashi ba ne. Ƙwayoyin jinin da ke tsare jiki daga cuta ne suka rikice, suke kai wa gaɓoɓina hari. Maganin da nake sha mako-mako shi ke kwantar da su. Ki gaya wa ɗiyata Amatullah kada ta ba kowa kanta, ni zan yi mata kitson amarci.

Yayarki, Talatu

Tcholliré

Yaya,

Jam na? Kina lafiya? Da aka karanta wasiƙarki Amatullah har rawa ta yi. Sai dai ƙarambau ta shigo mana, yaran gidan duk sun feso. Ba komai ba ne, kafin biki sun bushe. Ki dai taho, tabarmarki na nan.

Fa'iza

Garwa

Fa'iza,

Ina gaishe ku, Allah ya ba yaran lafiya. Na koma lopital, wato asibiti, na faɗa wa dokta, ta tambaye ni ko na taɓa yin ƙarambau. Ban sani ba, Inna kuma ba ta da rai balle a tambaye ta. Ta ce maganin da ya kwantar da masu tsaron nan ya rage musu ƙarfi, abin da yaro zai warke da kansa ni yana iya kwantar da ni. Na ce to in ajiye maganin har bayan biki. Ta kalli hannuna ta ce, "Da waɗanne yatsun za ki yi kitson?" Ba zan zo ba. Na yi kuka, amma ya wuce. Ku nemi mai kitso a nan.

Talatu

Tcholliré

Yaya,

Sannu da jiki. Amarya ta ƙi, ta ce ita ta yi tata ƙarambau tun tana goye. Ki tambayi doktar taki, in ta yarda, babanta zai sa ta a motar Laraba. Ta riga ta tsefe kai.

Fa'iza

Garwa

Fa'iza,

Dokta ta yarda, Amatullah kuma ta iso lafiya. Mun fara da hantsi, muka gama bayan la'asar, muna yi ina hutawa. Ga ta nan tafe, ki buɗe ɗankwalin ki gani. Allah ya sa albarka.

Talatu