Ragowar Kwano a Gidan Rozariya

Talata, 3 ga Satumba, 2024. Haɗeja.

Jibi tafiya, in Allah ya yarda. Na ɗaure kuka da daddawa da yaji kwalba biyu a cikin zani. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da yara taswira a firamare, ban taɓa jin sunan Fanteleriya ba, wani ɗan tsibiri a ƙasar Turawa, sai da ɗana Haris ya samu aikin tace ruwan teku a can, ya kuma auro 'yar garin. Yanzu ga jika, Adila, wata huɗu, ban taɓa ɗaukarta ba.

Abin da zai kai ni guda ɗaya ne. Ina so a tsayar da magana ya kawo mini matarsa Kiyara da yarinyar Haɗeja da Ƙaramar Sallah, dangi su gan su. Ya ce uwar Kiyara ce ke ɗari-ɗari.

Shamsiyya ƙanwata ta zo sallama, har da yi mini huɗuba, wai kada in je gidan surukai in buɗe ciki in zubar mana da mutunci. Ni za a koya wa kunya? Khadija matar ɗana Tukur ce ta shirya mini akwati. Shekara huɗu tana gidan nan ban taɓa ganin ta haɗiyi ko ruwa a gabana ba. Yarinyar ta samu tarbiyya.

Kogi ya cika sosai bana. Allah ya tsare shinkafar Tukur.

Asabar, 7 ga Satumba. Fanteleriya.

Jirgi uku. Na ƙarshen ɗan ƙarami ne, na yi ta salati har muka sauka. Na ɗauki Adila. Goshin maigidana marigayi Malam Shu'ibu ne sak, na yi kuka ban ɓoye ba. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 8 ga Satumba.

Garin duk baƙin dutse ne da iska. Gidajen kuwa soraye ne masu tulluwa a sama an shafe da farar ƙasa, sai na ji kamar ina cikin tsohon gari. Haris ya ce ruwan sama suke tarawa daga tulluwar zuwa rijiya a ƙasan gida.

Uwar Kiyara sunanta Rozariya. Gajera ce, ta girme ni, mijinta ya rasu kamar nawa, muryarta kuwa har bakin titi. Ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu biyu kafin in gama sallama. Da rana aka shimfiɗa dogon tebur a ƙarƙashin rumfar inabi, mutum tara, maza da mata, aka zaunar da ni daidai gabanta. Ni Sakinatu, in ɗaga cokali in kai baki, surukata na kallon maƙogwarona! Na taɓa burodi, na ce na ƙoshi. Ta ƙara mini. Na ce wallahi na ƙoshi. Ta dubi Haris, Haris ya dubi faranti.

Bayan an watse ya kawo mini a ɗaki, ya ja ƙofa. To nan fa na san na zo duniya. Taliya ce da tumatir da ɗan kifi, ba wani tarkace, amma tumatirin nan zaƙi gare shi kamar an sa masa zuma. Na ci na bar kamar loma uku, yadda baƙo mai mutunci ke yi.

Laraba, 11 ga Satumba.

Bari in rubuta abubuwan da na ci don kada in manta in Shamsiyya ta tambaya.

Da safe burodi mai zafi da man zaitun da ɗan gishiri. Man nan kore ne, yana ɗan kartar maƙogwaro, da farko na zaci ya lalace. Yanzu shi nake jira. Akwai wani haɗi na dafaffen dankali da tumatir da jar albasa da zaitun, da wasu 'yan ƙanana kamar ƙwayar wake da suke kira kaferi. Tohon fure ne da suke tsinka da hannu su adana a gishiri. Shi ne daddawarsu, ko'ina sai sun jefa. Gahawarsu kuwa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, kurɓa biyu, amma ranar ban yi barcin azahar ba.

Jiya Kiyara ta kawo mini niƙaƙƙiyar ƙanƙara da lemun tsami a kofin gilashi. Na jira ta fita. Ta daɗe ba ta fita ba, tana tsaye tana murmushi, abin yana narkewa a hannuna. Da ta fita na shanye, saura kaɗan in lashe kofin, sai na tuna na bar ɗan ruwa a ƙasa.

Giya kam akwai ta a garin, gonakin inabin ma yawanci don ita ne. A gidan nan ban ga ko kwalba ɗaya ba.

Juma'a, 13 ga Satumba.

Kifin teku ba shi da ƙarnin laka. Gasa shi kawai suka yi, suka matsa lemo. Allah ya gafarta wa Malam, da ya ɗanɗana wannan da ya daina cika baki da karfasar Kirikasamma. Ko da yake tarwaɗar banda tamu a miyar kuka, ba su kai nan ba.

Na yi ƙiba, zobena ya matse.

Lahadi, 15 ga Satumba.

Yau ma dogon tebur. Rozariya ta tashi tun asuba tana yin wata taliya mai ciki, cuku da na'ana'a a naɗe. Na ce na ƙoshi. Ba ta ƙara mini ba wannan karon. Ta ɗauke farantin da kanta ta shiga kicin, sai muka ji ƙarar tukunya. Kiyara ta bi ta. Ban san yarensu ba, amma faɗa ko'ina faɗa ne.

An kawo mini a ɗaki, na ci. Daɗi har kunne. Na bar biyu.

Talata, 17 ga Satumba.

Haris ya fita da ni bakin teku bayan la'asar, wai in ga inda yake aiki. Ashe magana ce a bakinsa. Ya yi ta kewaye-kewaye har na ce ya faɗi abin da zai faɗa.

Ya ce tun wata guda kafin in zo, Rozariya ta sayi sababbin tukwane da wuƙaƙe da katakon yanka, don kada in ci a abin da ya taɓa naman alade. Ta kwashe giyar da mijinta ya bari ta kai gidan ƙaninta. Nama ma sai ta sa an kawo daga wani mahauci Musulmi a babban tsibirin da ke maƙwabtaka da su, shi ya sa kullum kifi. Duk ban sani ba. Yanzu ta ce ta gane: ƙyamarsu nake yi. Ba na ci tare da su, in an kai mini ɗaki kuma sai in dawo da ragowa. A wajensu wanda ya ji daɗin girkinka shi ne mai share faranti da burodi har ya yi ƙyalli.

"Inna, ta ce matar da ba ta iya haɗiye loma a gaban Kiyara, ba za ta bari a kai mata 'yar da jikar garinta ba."

Na ce ba ka gaya mata kunya ce ba? Ya ce ya gaya mata sau uku, ta ce ita ba ta taɓa jin ana girmama mutum da ƙin cin abincinsa ba. Na ce ai ina ci, har zobe ya matse ni. Ya ce ita ba ta gani.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa shi ne sakarai, da ya bari har kwana goma. Gaskiya ba laifinsa ba ne, ya san halina, da ya faɗa tun ranar farko da na ce ya zama Bature.

Laraba, 18 ga Satumba.

Na kira Shamsiyya. Ta ce in daure, mutunci ya fi jika zuwa Sallah. Ita jikokinta bakwai duk suna unguwa ɗaya da ita.

Ruwa ya shiga gefen gonar Tukur amma ya ja baya. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 19 ga Satumba.

Na gwada a teburin rana. Na ɗauki cokali, hannuna ya ƙi. Wallahi ba da gangan ba. Sai na ji muryar kakata Goggo Adda tana cewa 'yar Fulani ba ta tauna a gaban surukai. Na ajiye. Rozariya ko kallona ba ta yi ba.

Asabar, 21 ga Satumba.

Da hantsi na fito shan iska da Adila a baya. Na goya ta da zani, Kiyara har hoto ta ɗauka. Ta tagar kicin na hango Rozariya da faffaɗan kwanon ƙasa a gabanta, ta zuba tsakin alkama, tana yayyafa ruwa tana murzawa da yatsu a kewaye. Na tsaya. Wannan ai dambu ne! Ga tukunya mai huji-huji a gefe, madambaci sak, har da liƙe bakinsa da ƙullu don kada tururi ya tsere, yadda Goggo ke yi da tsumma.

Ban san lokacin da na shiga ba. Na wanke hannu na sa a kwanon. Ta ja baya tana kallona. Ruwanta ya ɗan yi yawa a gefe ɗaya, na barbaɗa tsaki na murje. Ta ce wani abu da ƙarfi, na ce mata da Hausa ai tun ina 'yar shekara tara nake wannan aikin. Ba wadda ta ji wata. Ta matso muka ci gaba hannu huɗu.

Suna kiransa kuskus, da romon kifi suke jiƙa shi bayan ya turara. Romon nan ta yi shi da kawunan kifi da tumatir da tafarnuwa. Ta ɗebo a cokalin katako ta hura, ta miƙo mini baki kai tsaye, kamar yadda ake yi wa yaro. Mai girki dole ta ɗanɗana gishiri, wannan ba ci ba ne. Na buɗe baki. Gishiri ya yi, amma babu yaji. Na je ɗaki na ɗauko kwalbata. Ta lasa, ta yi tari, idonta ya kawo ruwa, ta buga mini kafaɗa tana dariya, sannan ta ƙara lasa.

Lahadi, 22 ga Satumba.

Na ci.

Mutum goma sha ɗaya a tebur, har da ƙaninta da matarsa. Na ce a raina abincin da hannuna ya murza ai ba na surukai ba ne kaɗai. Na yi bismilla. Lomar farko kamar tsakuwa, ina jin kunnuwana sun yi zafi, idona a faranti. Kowa ya ci gaba da surutunsa, ashe ba kallona suke ba. Loma ta biyar na fara jin daɗin abin. Da na kusa gamawa hannuna ya tsaya da kansa a kan loma ukun nan. Na ɗago, Rozariya ta ajiye cokalinta tana jira. Na gutsuri burodi na share farantin tas.

Ta tashi ta zagayo ta kama kaina da hannu biyu ta sumbaci goshina. Ta yi wata doguwar magana. Haris ya ce cewa ta yi, yanzu ta san akwai wadda za ta ciyar da 'yarta a can.

Kiyara na kuka, ni kuma ƙarin kuskus aka zuba mini. Shi ma na cinye. Allah na gode maka, kuma Goggo ki yafe ni.

Laraba, 2 ga Oktoba.

An tsayar da magana, za su zo da Ƙaramar Sallah, kwana ashirin. Rozariya ta ce ita ma sai ta zo ta ga kogin da Haris ke ba ta labari. Na ce ta zo, amma ta sani a ɗaki za a kai mata abinci a ja ƙofa. Da aka fassara mata ta ce to za ta ɓalle ƙofar.

Na bar mata yaji kwalba ɗaya da kuka. Ta cika mini akwati da kaferi da man zaitun. Kwanakin nan na sha ƙanƙarar lemo a bakin teku, a fili, mutane na wucewa. Wannan kam ba zan gaya wa Shamsiyya ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba. Haɗeja.

Gida lafiya. Shinkafar Tukur ta tsira, sai ɗan gefen da ruwa ya ci. Shamsiyya ta ce na yi kyau, ta tambaya ko na riƙe mutuncinmu. Na ce na riƙe.

Yau Khadija ta yi dambun shinkafa da zogale. Ta kawo mini a rufe, ta durƙusa ta ajiye, ta juya za ta fita kamar kullum. Na ce ta ɗauko cokali ta zauna, kwanon ya yi mini yawa. Ta zaci ba ta ji daidai ba. Na maimaita. Ta zauna a bakin tabarma, kanta a ƙasa, cokali a hannu, ta kasa. Na san abin da take ji a kunnuwanta, don haka na kau da kai na yi ta ba ta labarin tukunyar Rozariya har na ji ƙarar cokali.

Ba wani abu ba ne, dambun ne ya yi yawa, kuma zubar da abinci ba kyau. Na ɗiga mana man zaitun a kai. Ba mu bar ko ƙwaya ba.